Pilibhit, garin sarewa da ba shi da gora

Pilibhit gari ne a jihar Uttar Pradesh, can arewacin Indiya dab da iyakar Nepal, tsakaninsa da birnin Bareilly kilomita 50 da 'yan kai ne. Ƙasar shinkafa da rake ce, ga wani daji a gefe da gwamnati ta keɓe tun 2014 saboda damisa. Amma in ka ambaci sunan garin a Indiya abin da zai fara faɗo ma mutum a rai ita ce bansuri, sarewar nan tasu ta gora da duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Indiya ya san kukanta ko bai san sunanta ba. Jaridunsu sun saba cewa kashi 90 cikin ɗari na sarewar da ake sayarwa a ƙasar daga nan take fitowa. To lissafin nan fa na yawan kai ne, ba na daraja ba, za mu zo wajen. Abin da ya sa na ga lamarin ya isa a zauna a duba shi ne, gorar da suke wannan aiki da ita ba ta fitowa a garin, ba ta fitowa a jihar ma, sai an ɗauko ta daga jihar Assam da ke arewa maso gabashin ƙasar, tafiyar sama da kilomita 1,500. Hannu na nan, kaya na can, kuma kusan duk wahalar da sana'ar ta sha a 'yan shekarun nan daga wannan ratar ta taso.

Mafi yawan masu yin ta iyalan Musulmi ne da suka gaji abin kaka da kakanni, aikin gida ne, maza na yanka da huji, mata da yara na gogewa da fenti da ɗaurin zare. Masu saye kuma galibinsu Hindu ne, don a addininsu Krishna, ɗaya daga cikin allolinsu, galibi da sarewa a hannu ake zana shi, kuma babbar kasuwar shekara ita ce lokacin bikin haihuwarsa, Janmashtami, wajen watan Agusta ko Satumba. Haka suke zaune da daɗewa, wannan ya yi wancan ya saya.

To me ya sa dole sai Assam, gora ta ƙare a duniya ne? Ai ko'ina a Indiya akwai gora. Matsalar gaɓa ce. Bansuri ta ƙwarai daga tsakanin gaɓa ɗaya zuwa ta gaba ake fitar da ita, ba a so a samu gaɓa a tsakiyar bututun ko kaɗan, domin ko ka fasa ta ka goge, wajen sai ya bar tudu a ciki, iska ta riƙa tuntuɓe, sautin ya karkace. Gorar da ake gini da ita ko ake kafa rumfa gaɓoɓinta kusa-kusa suke, ga kauri, ba ta da amfani a nan. Wadda ake nema mai dogon tsakani ce, sirirriyar fata, kaurin jikinta milimita 2 zuwa 3, ramin cikinta zagayayye sumul daga sama har ƙasa. Irin wannan a arewa maso gabashin Indiya take, wajen kwarin kogin Barak da tsaunukan da ke kewaye da garin Silchar na jihar Assam, inda ruwan sama ke zuba kamar ba gobe. Akwai wata da suke kira dolu, tsakanin gaɓoɓinta kan kai kamu ɗaya da rabi har fiye, mutanen wajen ma a cikinta suke dafa wata shinkafa mai danƙo a kan wuta saboda siririn jikinta.

Kuma buƙatar doguwar gora ba tun azal take ba, mutum ɗaya ne ya ƙara mata tsanani. Da can sarewa a Indiya 'yar ƙarama ce, ta makiyaya da mawaƙan ƙauye, muryarta tsiriri. Wani mabushi, Pannalal Ghosh, wanda aka haifa a Barisal (Bangladesh ta yau) a 1911 ya rasu a 1960, shi ya ga cewa in ana so ta zauna a dandalin kiɗan gargajiya na manya, inda ake jan raga ɗaya, wato salon kiɗa guda, tsawon awa guda, to sai an ba ta murya mai zurfi. Ya yi ta gwaji har ya tsaya a kan mai inci 32, ya kuma ƙara mata ƙofa ta bakwai. Bayansa Hariprasad Chaurasia, haifaffen Allahabad a 1938, ya kai ta duniya, yanzu duk ɗan koyo burinsa ya riƙe babbar nan mai kusan inci 30 da ake kira ta E, da sunan muryarta. Ka ga kenan ana neman sanda miƙaƙƙiya da ta haura santimita 75 babu gaɓa, babu lanƙwasa, babu tabo. A cikin dami guda na gora ba kasafai za ka tsinci irinta da yawa ba, shi ya sa kuɗin babbar sarewa ke ninka na ƙarama nesa ba kusa ba tun kafin a huda ƙofa ko ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato layin dogo.

Turawan Ingila sun bar ma Indiya dogo iri-iri. Akwai mai faɗi, milimita 1,676, akwai matsakaici mai mita ɗaya cif. Yankin Assam da arewacin jihar Bihar da wannan gefe na Uttar Pradesh duk a kan mai mita ɗaya suke a da, har da layin tsaunin nan na Lumding zuwa Badarpur da aka buɗe a farkon shekarun 1900, mai ratsa ramukan dutse. Ma'ana ana iya loda gora a tarago a Silchar ta bi ta wuyan nan na Siliguri, ɗan tsukin ƙasa da faɗinsa bai fi kilomita 20 da ɗoriya ba, ta ratsa Bihar ta iso Pilibhit ba a sauke ta ba. A hankali take tafiya, amma gora ba ta gaggawa, asali ma tana shan iska a hanya. Sai gwamnati ta fara mayar da layukan masu faɗi, daga 1992 kuma abin ya zama shiri na ƙasa baki ɗaya. Shiri ne mai kyau, ba wanda zai ce a'a. Sai dai tsakiyar hanyar aka fara gyarawa, aka bar kai da ƙafa a tsohon layi shekara da shekaru, na Silchar sai a 2015 aka gama shi, na Pilibhit ma duk a wajejen nan ne. Wanda ya san yadda jirgin Abuja zuwa Kaduna ba zai iya hawa tsohon layin Legas zuwa Kano ba, ya gane zancen: tarago ɗaya ba ya bin layi biyu, dole a sauke kaya a sake lodi.

Buhun siminti ko na shinkafa bai damu da a sauke shi sau uku ba. Sirirriyar gora ta damu. Duk saukewa 'yan dako za su jefa dami, a taka, a danne da wani kaya, ta kwana a dandamali rana ta doke ta da yini raɓa ta sauka mata da dare. Wadda ta karye a fili ma da sauƙi, an gan ta an jefar. Mugunta tana wajen wadda ta tsage a ɓoye, tsagar gashi da ido ba ya gani, sai an gama aiki an yi fenti an sayar, wata biyu ta buɗe baki a hannun kwastoma. Ga kuɗin lodi da saukewa, ga na babbar mota daga Bareilly, ga dillalai da suka shigo tsakani tunda ƙaramin mai sana'a ba zai iya bin kayansa tasha-tasha ba. Da yawa suka koma saye a hannun 'yan kasuwa kaɗan masu ƙarfin ɗauko mota guda, su kuma su suke yanka farashi.

Sannan akwai doka. Dokar gandun daji ta 1927 ta lissafa gora a cikin itatuwa duk da a ilimin tsirrai ciyawa ce, don haka sare ta da fitar da ita daga jiha zuwa jiha sai da takardar izini, kowace iyaka da nata shingen. Sai a 2017 aka gyara dokar aka cire gorar da aka shuka a wajen gandun gwamnati daga wannan lissafi. An samu sauƙi, amma wadda ke cikin daji, wadda ita ce mafi yawan mai dogon tsakanin, tana nan ƙarƙashin hukumar gandun daji.

Ni a ganina duk wannan bai kai matsalar lokaci ba, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba don ba ta da hoto. Gora ba a sare ta yau a busa gobe. Da fari sai ta kai shekara uku ko fiye a tsaye, a sare ta da sanyi bayan damina ta ɗauke, lokacin da ruwan jikinta da zaƙin da ke cikinsa suka ragu, don wannan zaƙin shi ke kiran ƙwaron da ke shiga ya mayar da cikinta gari, ka ga 'yan ƙananan huji kamar na allura da farin gari yana zuba. Bayan sara sai shanya a inuwa, ba a rana ba, a jingine ko a jere a kan katako iska na ratsawa, ana juyawa. Wata shida shi ne na masu sauri, manyan masu yi ma ƙwararru sukan bar ta shekara biyu, uku, wasu fiye. A cikin wannan zama wadda za ta tsage ta tsage, wadda za ta lanƙwashe ta lanƙwashe, abin da ya rage shi ne kaya. To wa zai iya wannan? Mutumin da ya ci bashi ya sayi dami, yara na jiran abinci, bikin Janmashtami saura wata biyu, ka ce masa ya ajiye gora shekara biyu a sito? Ba zai yiwu ba, kuma ba laifinsa ba ne. Zai gasa ta sama-sama a wuta ta yi launi, ya huda, ya tura kasuwa. Shanya gora jari ne da ka binne ba ya motsi, kuma jari shi ne abin da ƙananan masu sana'ar Pilibhit ba su da shi.

Bari mu leƙa yadda ake aikin kansa, don a gane inda ƙwarewa take da inda ba ta isa ta ceci kaya ba.

Maigidan na zaune a ƙasa, gabansa murhun gawayi, an jera tsinkayen ƙarfe a ciki masu kauri daban-daban, bakinsu ya yi jawur. Ya ɗauko sanda ya ɗaga ta saitin ido ɗaya ya leƙa kamar mai duba bindiga, ya mirgina ta a ƙasa ya ga ko tana tsalle, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, busasshiya tana amsawa ƙal-ƙal, ɗanya kuma dum. In akwai ɗan lanƙwasa sai ya kara ta a wuta yana juyawa har ta yi laushi ya danna ta a gwiwa ta miƙe. Ya goge ciki da sanfefa da aka naɗe a jikin sanda, ya tura toshiya ta gefe ɗaya, sannan ya fara da ƙofar baki. Ba ya amfani da abin huji na inji, domin zaren gora a tsaye yake daga sama zuwa ƙasa, haƙorin inji in ya kama shi sai ya yage ya bar tsaga. Jan ƙarfe kuwa ƙonawa yake, ya ɗora shi a kan alama ya murza, hayaƙi ya tashi mai ƙamshi kamar na ƙonannen rake, ya zare, bakin ramin ya fito baƙi sumul a rufe. Sai ya busa ya ji muryar bututun duka, in ta yi ƙasa ya rage tsawon daga gindi kaɗan kaɗan har ta hau inda yake so.

Daga nan ƙofofin yatsu, daga ta ƙasa yake farawa yana hawa. Kowacce da ƙaramin ƙarfe zai fara, ya busa, ya duba, ya ƙara faɗi, ya sake busa. Ƙa'idar guda ce, in ka faɗaɗa ƙofa sauti ya hau, kuma ba ya dawowa, abin da wuta ta ci ta ci. Ga shi babu gora biyu masu ciki iri ɗaya, don haka ma'aunin da ya yi daidai a wannan zai iya kuskurewa a waccan, kunne ne alƙali, ko da yake yanzu kusan kowa na da manhajar auna sauti a waya ana daidaitawa a kan 440, ma'aunin sautin da makaɗa ke bi. Har zafin ɗakin sai an lura da shi, iska mai zafi sauti ya fi gudu a cikinta, sarewar da aka daidaita da sanyin Janairu in aka busa ta a zafin Mayu za ta ɗan hau sama. Toshiyar nan ma ba a banza take ba, matsar da ita da kaurin farce ya isa ya sa muryar sama ta daina jituwa da ta ƙasa.

Ƙofa shida ce ginshiƙi, ta bakwai ƙari ce. In ka rufe ukun sama ka samu muryar da suke kira Sa, wato gidan da ake komawa, in ka rufe duka ka sauka wadda suke kira Pa ta ƙasa. Sauran muryoyin tsakani da rabin ƙofa ake fitar da su, yatsa na zamewa a hankali, kuma wannan zamiyar ita ce ran kiɗan Indiya gaba ɗaya, ita ce abin nan da ke sa sarewar kamar tana kuka. Shi ya sa ƙofofin bansuri manya ne kuma bakinsu dole ya yi santsi. A kudancin ƙasar tasu daban ce, venu, ƙofa takwas, ta fi gajarta, ba ita muke magana ba.

Sarewa ɗaya irin wannan za ta iya cin yini, banda shekarun shanya. Ita kuwa ta kasuwa, wadda ake busawa ta kai a tsaye kamar usur, gida ɗaya sai ya fitar da ɗaruruwa a rana, an riga an san inda ƙofofi suke a jikin ma'auni, caka-caka-caka, fenti ja da kore, a ɗaure dozin-dozin. Ita ce za ka ga mai talla ya soke su a jikin doguwar sanda kamar bishiya yana yawo bakin wuraren ibada da tashoshi yana busa ɗaya. Nan ne kashi 90 ɗin nan yake. Ribar kowacce ba ta taka kara ta karya ba, kuma ita ce ta fi kowa shan duka da kayan wasan roba masu araha suka cika kasuwa, yaro dai abin da ke ƙara yake so, bai damu ko gora ce ko roba ba. Manyan mabusa kuwa da ɗalibansu, waɗanda ke biyan kuɗi na gaske, da yawansu wajen ɗaiɗaikun masu yi suke zuwa a Delhi da Mumbai da sauran birane, mutanen da su kansu sun iya busa, suna da ɗakin ajiyar gora ta shekaru, suna sayarwa ta intanet har Turai da Amurka. Akwai gidaje a Pilibhit da suka kai wannan matsayi, amma tsiraru ne. Garin ya riƙe sunan da yawan kai, kuɗin ya bi wata hanya.

Gwamnati ta taɓuka, ba za a ce ba ta yi komai ba. A Janairun 2018 jihar Uttar Pradesh ta fito da shirin nan na kowace gunduma da sana'arta guda, gundumomi 75, Pilibhit aka ba ta sarewa. Ana ba da horo, kayan aiki, rance mai rangwame, ana kai su baje koli. A 2020 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin kayan wasan yara da ake shigowa da su daga kashi 20 zuwa 60, hakan ya ɗan rage ma na roba ƙarfi, sai dai a shekarar ce kuma korona ta rufe bukukuwa da wuraren ibada, wato ainihin kasuwar masu talla. A 2024 kuma aka yi ma sunan bansurin Pilibhit rajista ta yadda ba wanda zai yi tasa a wani gari ya laƙaba mata sunan. Layin dogon ma yanzu ya zama iri ɗaya daga can har nan.

Duk da haka ni ban ga an taɓa jijiyar ba. Horo ga mutumin da kakansa ya koya ma babansa? Abin da ya rasa ba iyawa ba ce. Rajistar suna kuma tana kare suna ne, ba ta busar da gora. Da a ce kuɗin nan an zuba shi a babban sito na haɗin gwiwa, a sayo gora a lokacin sararta, a tantance ta tun a Assam kafin a biya kuɗin motar abin da rabinsa shara ne, a yi mata maganin ƙwaro, a ajiye ta shekara biyu, sannan ƙaramin mai sana'a ya zo ya sayi goma ko ashirin busassu daidai ƙarfinsa, to da shi ma zai iya yin wadda za a saya da daraja. Wani zai ce ai kasuwar manyan sarewa ƙarama ce, ba za ta ɗauki gari guda ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma tsakanin ta wasan yara da ta babban dandali akwai ta 'yan koyo, kuma su ne ke ƙaruwa kullum tunda yanzu kowa na koyo a YouTube, kuma abin takaici da yawansu ta roba irin ta bututun famfo suke saye, don ita ba ta tsagewa kuma muryarta ba ta kuskure. Wannan kasuwar ce Pilibhit ya kamata ta riƙe da hannu biyu.

Duk wannan tarihi yana biyo sarewar har gidan wanda ya saye ta, kuma a nan ne abin ya shafe mu, don ɗalibanmu da ke karatu a Indiya da masu zuwa asibiti da 'yan kasuwa sukan riƙo ta tsaraba. Wani abokina ya dawo da ɗaya mai kyau da damina, matsakaiciya, an ɗaure ta da jan zare gaba da baya kawai. Ta yi lafiya har Nuwamba. Da hunturu ya kankama, ran nan tana rataye a bango da dare sai aka ji ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya, da safe ga tsaga ta taso daga gindi ta bi zare ɗaya tiryan-tiryan har ƙofa ta biyar, in ka ɗaga ta a haske kana hango waje ta ciki. Ba wanda ya taɓa ta. Gorar da ta tashi a inda iska ke jiƙe kusan duk shekara, ta zo inda laima ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, fatar waje ta bushe ta tsuke da sauri ciki bai bi ta ba, dole wani waje ya saki. Da an shanya ta yadda ya kamata tun farko da wataƙila ta jure, wataƙila kuma a'a, hunturunmu ba wasa ba ne.

Don haka in kana da ita, da sanyi kar ka bar ta a fili, ka sa ta a jakarta ko ka naɗe ta da zane ka ajiye a akwati, nesa da taga da iskar fanka da na'urar sanyaya ɗaki, mota da aka rufe a rana kuwa ko minti goma kar ka yarda. Da asuba in ta yi sanyi ƙalau kar ka ɗauka ka hura mata zazzafan numfashi kai tsaye, ka riƙe ta a hannu ko ka sa ta a hammata ta ɗan ɗumama tukuna. In ka gama busa ciki ya jiƙe, ka zura ɗan tsumma mai laushi a jikin siririyar sanda ka share, ka bar ta ta sha iska kaɗan kafin ka rufe, in ba haka ba da damina fumfuna ce za ta kama ta. Kuma a kula kar sandar ta tura toshiya.

Maganar mai kuwa su kansu masu yin ba su haɗu a kai ba. Wasu sun ce a shafa man mastad ko na almon a ciki sau biyu ko uku a shekara, wasu sun ce gorar da ta bushe da kyau ba ta buƙata, yawan mai ma dushe murya yake. A yanayinmu ni ina tare da masu shafawa, sau ɗaya kafin hunturu ya shigo, ɗan kaɗan a tsumma ba tsiyayawa ba, a ciki kawai, kar ya kai toshiya kar ya taɓa zare don zai sa ɗaurin ya saki. Man gyaɗa da man ja a bar su a kicin, suna yin ɗoyi su yi danƙo. Abin da ya fi mai amfani shi ne ɗauri, zaren nailan mai ƙarfi a naɗe shi tamau a gindi, a kai, da tsakanin ƙofofi inda yatsa ba ya sauka, kowane ɗauri faɗin yatsa guda, shi ke tare tsaga in ta taso kar ta wuce.

In kuma ta riga ta tsage, a daina busawa nan take. A bar ta ta kwana a waje mai ɗan laima, sau da yawa bakin tsagar zai matso da kansa, sai a ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa ya bi layin, a matse, a ɗaure da zare gaba da bayan inda ta tsaya. Ta abokin nawa haka aka yi mata kuma tana busuwa, sai dai Pa ta ƙasa ta ɗan yi hazo. Tsagar da ta ratsa ƙofar baki ita ce ba ta da magani, don a kan kaifin bakin nan iska ke rabuwa sauti ya fito, in ya lalace gulu ba ya dawo da shi. Mai niyyar yin oda daga Indiya gara ya yi ta iso da farkon damina ta samu watanni tana sabawa da ɗakin kafin iska ta juya, ya kuma ce ma mai yin ya ɗaure ta duka tun daga can, ya tambaye shi kai tsaye shekara nawa gorar ta yi a ajiye.